Cukun Don Gastón

Ranar da Yanina Ferreyra ta sauka a gonar Don Gastón, ruwa ya kwana biyu yana zuba, hanyar da ta ratso daga bakin titin Tandil ta zama kunu. Ta iso da jaka a kafaɗa, farin takalminta ya rine da taɓo. Shekarunta ashirin da bakwai, tana ajin ƙarshe a makarantar koyon aikin gona, ɓangaren sarrafa madara, kuma ba za a ba ta takardar kammalawa ba sai ta yi wata huɗu na sanin makamar aiki a wata gona, mai gonar ya sa mata hannu. 'Yan ajinsu duk sun nufi manyan kamfanonin madarar shanu. Ita kuwa hotuna ta gani a waya, tumaki farare tas a kan tudu, cuku jere a kan katako, ta ce nan ɗin take so.

Mahaifiyarta, wadda ta shekara talatin tana feɗe kifi a bakin tashar jiragen ruwa ta Mar del Plata, ta ce mata ta dai sake tunani. Yanina ta yi dariya. Ita da ta tashi a gidan da ko matashin kai ƙarnin kifi yake yi, me ya rage a duniya da zai tayar mata da zuciya?

Don Gastón da kansa ya tare ta. Mutumin Buenos Aires ne, ya ba hamsin baya, da can kayan ɗaki yake sayarwa, shekara shida da suka wuce ya sayi gonar da tumaki tamanin. Yana da taushin murya, kuma ƙamshin turarensa yakan riga shi shiga wuri. Ya zagaya da ita ɗakin da baƙi suke ɗanɗana cuku, ya nuna mata tukunyar ƙarfe mai ƙyalli da ɗakin sanyi, yana ta kiran ta Yani kamar sun shekara da sanin juna. Daga nan ya duba agogo, ya ce Doña Zulema za ta nuna mata sauran, shi sai Juma'a. Ya shiga motarsa ya tafi.

Doña Zulema tana can bayan rumfar tatsa, a durƙushe kusa da wata tunkiya da ke kwance tana nishi. Tsohuwa ce gajera mai faɗin kafaɗa, ta haura sittin, haƙoranta na gaba biyu babu, rigar sanyin da ke jikinta kuwa ba a iya gane kalarta ta asali. Ba ta miƙe ba, ba ta yi gaisuwa ba.

"Ke ce 'yar makarantar? Miƙo hannunki in gani."

Yanina ta miƙa. Tsohuwar ta juya hannun sama da ƙasa kamar mai tayin kaya a kasuwa.

"Yauwa, siriri ne. Naɗe hannun riga. Ɗan ya mutu a cikinta tun shekaranjiya, nawa hannun ba ya shiga, sanyin ƙashi ya kumbura min yatsu."

"Babu safar hannu, Doña?"

"Akwai, a kanti a Tandil. Kafin ki je ki dawo ta mutu. Ga sabulu nan."

Yanina ta durƙusa a cikin taɓo da taki, ta cusa hannu har gwiwa. Ciki zafi zau, ga santsi. Ta laluba ta kama wata 'yar ƙafa, ta ja a hankali yadda aka koya musu a aji, sai ƙafar ta biyo ta ita kaɗai, ba sauran jikin. Ɗoyin da ya biyo baya ba ta taɓa jin irinsa ba. Ta juya gefe ta amayar da duk abin da ta ci a mota. Doña Zulema ta jira ta gama, ta ce saura kai da ƙafa uku. Sai da suka kwashe kusan awa ɗaya kafin su fito da shi gunduwa-gunduwa. Tunkiyar ta rayu.

Da tsakar rana tsohuwar ta zauna a kan bokitin da ta kife, ta zaro wuƙa daga ƙugu, wuƙar da Yanina ta gani da idonta an gama yanke ruɓaɓɓen kofato da ita, ta goge a cinyar wando, ta yanka burodi da busasshen nama, ta miƙo mata a tsinin wuƙar. Yanina ta ce ta ƙoshi.

"Za ki ji yunwa, malama," in ji tsohuwar, tana tauna da gefen baki. "Duk haka suke farawa."

Haka aikin ya miƙa. Ƙarfe biyar na asuba suna rumfa, ƙarfe huɗu na yamma suna rumfa. Tumaki goma sha biyu-biyu suke hawa dandamali, su cusa kai a cikin mazubin abinci, su juyo mata baya daidai fuskarta. Tana saka musu bututun injin tatsa, su kuma suna sako mata abin da suka ga dama, wani a hannu, wani a wuya. Gashin bayansu ya daskare da kashi yana reto, sai ta bi da almakashi tana datsewa. Zarnin rumfar ya shiga gashin kanta, ya shiga burodinta, ya shiga bargonta. Ta yi wanka sau biyu a rana, a banza. Idan ta kira gida mahaifiyarta ta tambaye ta yaya tumaki, sai ta ce lafiya lau, ta sauya magana.

Abin da ya fi damun ta ma shi ne mate, shayin ganyen da mutanen ƙasar suke sha a ƙoƙo ɗaya ana zagayawa. Bayan tatsar safe Doña Zulema takan cika ƙoƙon da ganye, ta zuba ruwan zafi, ta tsotsa da bututun ƙarfen nan da ya yi baƙi don tsufa, ta sake cikawa ta miƙo mata. Ba a ƙin mate a hannun wanda kuke aiki tare, ko jariri ya san haka. Yanina takan karɓa, ta kalli danshin da ke bakin bututun, ta rufe ido ta zuƙa. Tsohuwar tana lura, kuma daɗi abin yake mata.

Sai dai akwai wuri ɗaya da matar nan take komawa wata daban. Kafin ta taɓa hantsar tunkiya ko wani abin da madara za ta bi, sai ta cuɗe hannu da sabulu har gwiwa, ta goge farce da buroshi, ta sa Yanina ma ta yi, idan ba ta gamsu ba ta mayar da ita. Kowace tunkiya sai an fara tsirta madararta a cikin wani baƙin kofi an duba. In aka ga gudaji ko zare-zare, ko jini-jini, an ware ta ke nan: a yi mata allura, a shafa mata jan fenti a gadon baya, a tatse ta daga ƙarshe da hannu a bokiti daban, a kai madarar ramin da ke bayan itatuwan turare a zubar, har maganin ya fita daga jikinta. Wata rana Yanina ta yi gaggawa ta tsallake kofin a tunkiya biyu. Tsohuwar ta kashe injin gaba ɗaya.

"Ke! Wa kike wa sauri? Cikin 'ya'yan mutane zai shiga fa. Ni ban yi makaranta ba, ke da kika yi me aka koya miki, zane?"

Ta san kowace tunkiya da sunan da ta raɗa mata. Wadda ta fi ji da ita ita ce Condesa, wata doguwa mai tafiyar ƙasaita, wadda take ba da madarar tumaki biyu kuma ba ta yarda kowa ya riga ta hawa dandamali.

Ranar Asabar kuwa gonar takan sauya kama. Tun Juma'a da yamma Yanina za ta zaɓi ɗan rago guda, ta wanke shi da sabulun wanke gashi, ta busar da shi, ta kulle shi a kan busasshiyar ciyawa don kada ya ɓaci. Duk tunkiyar da ke ɗingishi ko mai jan fenti a kora ta tsohuwar rumfar kwano da ke can ƙasan gangare, inda ba a hangowa daga wurin ajiye motoci. Doña Zulema ma can ake tura ta. Don Gastón yakan ce, cikin murmushi, Doña Zule ba ta son hayaniyar baƙi. Shi kuma ya ɗora hular makiyaya, ya ɗaura sabon ƙyalle a wuya, ya rungumi ɗan ragon nan mai ƙamshi, ya tsaya gaban mutanen birni yana ba su labari.

"Mu a nan ba dabbobi muke kiwo ba, 'ya'yanmu ne. Kowace na san ta, na san uwarta."

Yanina tana tsaye a gefe da farin ƙyallen aiki ɗaure a gaban riga, tana yanka cuku. Sau ɗaya wata baƙuwa ta nuna Condesa ta tambayi sunanta, ya ce Margarita ba tare da ya ko ƙifta ido ba.

A farkon Nuwamba aka yi ruwa na mako guda, rana ta biyo baya da zafi mai nauyi. Filin ya zama caɓi, ƙudaje suka taso kamar an buɗe musu buhu. Cikin kwana goma tumaki goma sha huɗu suka kamu da ciwon hantsa, har da Condesa. Jan fenti ya kusa ƙarewa. Kullum bokiti uku, wata rana huɗu, suke tafiya rami.

A makon ne Don Gastón bai koma birni ba. Ya riga ya yi wa shaguna alkawarin cukun bikin ƙarshen shekara, ga madara ta ja baya. Ranar Talata da safe ya shigo rumfa yana taka-tsantsan da takalminsa, ya tarar da bokitan a bakin ƙofa suna jiran a gama wanke inji a kai su rami. Rana ta riga ta same su. Ƙudaje sun yi layi a bakin kowanne, wasu sun faɗa ciki suna iyo.

"Wannan duk zubarwa za a yi?"

"Na masu ja ne, maigida," in ji Doña Zulema.

"Na sani. Amma ai dafawa ake yi. Zafi yana kashe komai."

"Ba ya kashe allura."

"Haba Doña Zule, ɗan wannan a cikin tukunya guda? Ko ɗanɗanonsa ba za a ji ba. Ku tace ku zuba."

Tsohuwar ta ajiye tiyon da take wanki da shi, ta goge hannu a riga.

"Shekara arba'in da ɗaya ina tatsa, ban taɓa ba. Gonarka ce, tukunyarka ce, ga hannunka nan. Ni dai ba da ni ba."

Ta fice ta nufi gangare. Don Gastón ya yi 'yar dariya, ya girgiza kai, ya ce tsufa ke nan. Ya naɗe hannun rigarsa mai guga, ya ce Yani ta riƙe masa ƙyallen tata a bakin tukunya.

Yanina ta san abin da ya kamata ta ce. Ta rubuta jarrabawa a kansa, ta ci maki mai kyau. Amma saura mata mako biyar, kuma takardar da ke ƙasan jakarta hannun mutumin nan take jira. In ya ƙi, shekara guda ta tafi. Ta kama ƙyallen ta gefe biyu.

Ya tuttula bokitin farko. Madarar ba fara ba ce sosai, ta ɗan yi ruwan ɗorawa, kuma tana wucewa tana barin abubuwa a kan ƙyallen: ƙudaje, gashi, da wasu dunƙule-dunƙule masu yauƙi waɗanda ta san mugunya ce. A bokiti na uku akwai zaren jini. Da ƙyallen ya toshe, sai ya sa cokali yana dannawa don sauran ya wuce. Ƙamshin turarensa ya haɗu da ƙarnin abin, Yanina ta ji yawu ya cika mata baki. Ba ta yi amai ba. Daga baya wannan ne ya fi ba ta haushi, cewa ta tsaya daram har aka gama.

"Kin gani? Ba wani abu," in ji shi, yana wanke hannu. "Ke kin waye, ba kamar ita ba."

Kwana biyar ana haka, kuma ita ce ta haɗa cukun da hannunta. Tun a tukunya ta ga alama. Madarar ta ƙi kamawa da kyau, ta yi laɓo-laɓo, ta ƙi yin tsamin da ya kamata, don maganin da ke ciki ya kashe abin da ake zubawa ya sa ta tsami. Duk da haka ta matse, ta sa gishiri, ta jera guda arba'in a ɗakin sanyi.

A kwanakin nan Doña Zulema ba ta ce mata uffan a kan maganar ba. Bayan tatsar safe takan haɗa mate ɗinta, ta zauna a kan bokitinta, ta shanye ita kaɗai, ta zubar da ganyen. Yanina, wadda ta yi wata uku tana addu'ar a raba ta da bututun nan, ta tsinci kanta tana satar kallon ƙoƙon.

Sauran tumakin sun warware ɗaya bayan ɗaya, ban da Condesa. Gefe guda na hantsarta ya kumbura ya yi tauri, ya koma shuɗi, ya koma baƙi, ya yi sanyi kamar ba a jikin mai rai yake ba. Sannan ya fara ruɓewa. Ƙudaje suka yi ƙwai a ciki. Kullum da rana tsohuwar takan kwantar da ita, Yanina ta danne mata wuya, a zuba magani, tsutsotsi su yi ta fitowa farare ƙosassu, suna faɗowa a kan takalmansu. Tunkiyar ta daina cin abinci, sai niƙa haƙora. Sau uku Doña Zulema tana zuwa wurin maigida, a kira likitan dabbobi ko a ba ta izini ta hutar da ita. Ya ce likita sai bayan biki, yanka kuwa a'a, tunkiya ce mai asali, za ta tashi. Bai taɓa sauka gangaren ya gan ta ba.

Mako uku da jera cukun, Yanina ta buɗe ɗakin sanyi da safe ta ja da baya. Guda arba'in ɗin nan sun kumbura kamar an hura su, wasu sun tsage, wani ruwa mai yauƙi yana tsiyaya daga tsagar yana bin katako. Warin ya yi kama da na safar da aka manta a cikin takalmin ruwa. Ta kira Don Gastón. Ya toshe hanci da hankici, ya daɗe yana kallo.

"Ba su lalace ba," ya ce daga ƙarshe. "Ƙarfi suka yi. Akwai masu son haka. Ki kankare bayan, ki cike tsagar, ki mulke su da barkono da ganyen ƙamshi, ki tsoma a baƙin kaki. Za mu ce sabon samfuri ne na bana."

"Don Gastón, wannan ba ya ciwuwa."

"Yani, Yani. Saura miki kwana nawa? Goma sha biyu? Na riga na fara rubuta miki takarda mai kyau, har na ce kin fi duk waɗanda suka zo nan hankali."

Ta kankare. Kwana biyu tana yi, da tsumma ɗaure a hanci. Da aka gama sun yi kyau ƙwarai, baƙaƙe sumul suna sheƙi, kowanne da 'yar takarda mai hoton tunkiya tana murmushi.

Asabar ɗin da ta biyo baya motoci tara suka zo. Don Gastón ya gama labarinsa na 'ya'ya, ya ajiye ɗan rago, ya ce yau akwai abin mamaki, baƙinsa ne za su fara ɗanɗana sabon cuku kafin ya shiga shaguna. Ya ɗauko guda ya aza a kan katako gaban Yanina. Ta sa wuƙa. Cikin duk ramuka ne, gefen ramukan yana naso, amma barkonon ya danne warin. Ta yanka ƙanana ta jera a faranti.

Wani mai ƙaton ciki da jar fuska ya riga kowa. Ya jefa biyu a baki, ya lumshe ido yana taunawa.

"Kai! Wannan shi ne cuku. Irin na kakanninmu. Yanzu ina ake samun irin wannan?"

Yanina ta ga ɗan farin abu ya maƙale masa a gefen leɓe. A bayansa wata matashiya ce mai tsohon ciki, tana riƙe da hannun 'yarta da ba ta wuce shekara huɗu ba. Matar ta ɗauki yanka ɗaya, ta sunkuya ta ce wa yarinyar ta buɗe baki.

Yanina ba ta shirya komai ba. Ta dai ga hannunta ya kama wuyan hannun matar.

"Kada ki ba ta. Ke ma kada ki ci."

Matar ta ɗago a tsorace.

"Madarar tumaki marasa lafiya ce, masu magani a jiki. Ni na haɗa shi, na san abin da ke ciki."

Ta karɓe yankan daga hannun matar, ta haɗa da farantin da sauran cukun, ta fita da su ta ƙofar baya. Tana jin Don Gastón yana dariya yana cewa yarinyar ɗaliba ce, zafin rana ne ya taɓa ta, ga tsohon samfurin nan da kowa ya sani. Tana kuma jin mai jar fuska yana kakari yana neman ruwa.

A bakin rami ya cim mata. Fuskarsa ta yi fari, muryar nan mai taushi ta tafi.

"Kin san abin da kika yi min? A gaban mutane? Ke wace ce? 'Yar mai feɗe kifi! Na ɗauke ki don tausayi, ki zo ki tozarta ni a gonata?"

"Ni ma da hannuna a ciki," in ji ta. "Ni na riƙe maka ƙyallen."

"Ki tattara kayanki. Takarda kuwa ki je uwarki ta sa miki hannu."

Ya juya ya koma wurin baƙinsa, yana gyara ƙyallen wuyansa a hanya. Kafin ya isa motoci huɗu sun tashi. Biyar sun tsaya, har wasu suka sayi tsohon samfurin.

Yanina ba ta nufi ɗakinta ba, gangare ta sauka. Doña Zulema tana zaune a ƙofar rumfar kwano, ta ji hayaniyar daga nesa. Yanina ta gaya mata yadda aka yi. Tsohuwar ta saurara tana sosa wuya.

"Kin makara da mako uku," ta ce.

"Na sani, Doña."

"To. Tunda an kore ki, ba abin da zai ƙara yi miki. Zo ki riƙe min ita."

Condesa tana kwance a lungu, ta kasa ɗaga kai, ƙudaje sun rufe mata rabin ciki. Suka ja ta waje zuwa inuwa. Yanina ta durƙusa ta rungume kafaɗunta, ta ji ƙasusuwan a ƙarƙashin gashin. Tsohuwar ta shafa goshin tunkiyar, ta yi mata magana ƙasa-ƙasa, ta yi alamar gicciye, ta zaro wuƙa. Ba a daɗe ba. Suka haƙa rami su biyu a cikin zafin nan, don naman ko kare bai kamata ya ci ba, suka binne ta, suka danne da duwatsu.

"Me za ki ce masa?" Yanina ta tambaya.

"In ya sauko nan ya tambaya, sai in faɗa masa. Kin taɓa ganin ya sauko?"

Da yamma Yanina ta taka kilomita shida zuwa bakin titi ta tari mota. Ranar Litinin ta je makaranta ta zayyana wa malamar da ke kula da su komai, har da nata laifin, ba ta rage ba. Malamar ta cire gonar daga jerin wuraren da ake tura ɗalibai, ta kuma kai maganar ga masu duba lafiyar abinci. Amma wata ukun da rabi da Yanina ta yi ba su shiga ba, tunda babu sa hannu. 'Yan ajinsu suka yi bikin kammalawa a watan Maris ba da ita ba. Sai a kakar tatsa ta gaba ta sake wata huɗu cur a wata gonar awaki kusa da Balcarce, wurin wasu mata da miji da ba su da ɗakin baƙi.

Masu dubawar sun je gonar Don Gastón a tsakiyar Janairu, sun tarar da ɗakin sanyi a wanke tas yana ƙamshin sabulu. Doña Zulema ce ta gaya mata haka a waya, daga gidan ƙanwarta a Ayacucho, inda ta koma bayan an daina tatsar tumaki a ƙarshen kakar tatsa. Ta ce ta gaji, kuma ba ta son sabon yaron da aka kawo, ba ya wanke hannu.

"Sauran talatin da taran fa, Doña? Ya zubar?"

Tsohuwar ta yi wata dariya mai haɗe da tari.

"Zubarwa? Ana gobe Kirsimeti ya loda su a bayan mota, ya rufe da bargo, ya yi hanyar bakin teku inda masu hutu suke. Da yamma ya dawo motar wayam, yana fito."

Tsohuwar ta ce kati zai ƙare mata, ta gaishe da mutanen gida, ta kashe.